Taliya 360, mai 216, sukari 150: gida nawa za su samu?

Kayan da suka shigo hannun kwamitin tallafin azumi na unguwarmu a Tudun Wadan Zariya a ƙarshen Sha'aban ga su kaman haka: taliya katan 18, kowane katan akwai 20 a ciki, kenan 360. Man gyaɗa na roba mai lita ɗaya shima katan 18 amma shi 12 ne a katan, kenan 216. Sukari an kawo shi a ƙulle a leda kilo-kilo guda 150, sai gero buhu 4 da wani bawan Allah ya aiko daga kasuwar Giwa, da aka auna ya ba da tiya 160. Taliya da man a kasuwar Sabon Gari aka saro su da kuɗin da 'yan unguwa mazauna Kaduna da Abuja suka turo, shi kuma sukarin wani mai shago ne ya bayar shi kaɗai, bai tambayi kowa nawa ake buƙata ba ya dai kawo abun da Allah ya hore masa. Lis ɗin gidajen da mai unguwa da matan islamiyya suka haɗa, yawanci iyayen marayu ne da tsofaffin da ba su da mai yi musu, ya tsaya a gida 75.

Sharaɗi uku aka ɗora wa rabon kuma ba haka kawai aka ɗora su ba. Na farko kowace leda ta zama iri ɗaya da 'yar'uwarta, sabida duk wanda ya taɓa rabon kaya a unguwa ya san ba a ƙofar masallaci ake buɗe leda ba, sai an koma gida maƙwabciya ta leƙo ta ce mu ga naki, in ta ga taliya 5 a can ita nata 4 toh kafin magariba maganar ta zaga layi uku kuma sunan wanda ya miƙa mata ledar za a dinga kira. Na biyu kar a bar ko tsinke a sito, wannan kam daga bara ya samo asali, madara katan ɗaya da rabi ta rage bayan rabo aka ajiye da niyyar sai an samu ƙari, wallahi ba wanda ya taɓa ta amma har bayan sallah ana cewa da ita 'yan kwamiti suka sha shayin sahur, sai da wani dattijo ya ajiye muƙaminsa a kan maganar nan. Na uku a kai ga gidaje da yawa iya inda kayan za su kai.

Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare in ya ji waɗannan ukun a jere ya san inda aka dosa, dan haka ake rubuta tambayar HCF a jarabawa sak: kaso iri ɗaya, babu saura, mafi yawa. HCF ɗin nan ba wani abu bane illa lamba mafi girma da za ta raba lambobin da ke gabanka duka ba tare da ta bar saura a ko ɗaya ba. Ni lesin ɗin yamma nake koyarwa kuma ni ne sakataren kwamitin, shi ya sa takardar ta faɗo hannuna.

A zauren Alhaji shugaban kwamiti aka zauna bayan isha'i. Ma'aji ne ya fara, ya ciro waya ya buɗe kalkuleta ya dinga raba komai da 75, taliya ta ba shi 4.8, mai 2.88, sukari 2 cif, gero 2.13 da wasu lambobi a baya da ba su ƙarewa. Ya ce toh a yar da abun da ke bayan ɗigo kawai, kowa ya samu taliya 4 mai 2 sukari 2. Da aka buga abun da zai rage sai ga taliya 60, katan 3 kenan cur, da mai roba 66 wato katan 5 da rabi. Alhaji ya ce Malam ma'aji madara katan ɗaya da rabi ma ba mu sha da daɗi ba, ina ga katan takwas da rabi. Aka bar wannan.

Akwai yara biyu 'yan lesin ɗina a wajen, ɗan ma'aji ɗan aji biyu da ya zo taya mu jera kwalaye, da jikar Alhaji 'yar aji uku wadda ita tana cikin gida, na rubuta musu lambobin huɗu da sharuɗɗan na ce su gwada, aka miƙa mata nata ta labule.

Yaron ya riga ta gamawa, ya kawo 21,600.

Zauren ya ɗauki dariya, mai unguwa yana cewa ashe har Sabon Gari da Samaru za mu ciyar. Amma fa aikin da yaron ya yi ba na wasa bane, LCM ɗin 360 da 216 da 150 da 160 ya nema, wato lamba mafi ƙanƙanta da dukkansu za su raba ta ba saura, kuma 21,600 ɗin ce amsarta ba kuskure ko ɗaya a ninkawar. Na tambaye shi me ya kai shi LCM ya ce Malam ai ka ce mafi yawa, ita ce ke ba da babbar lamba. Wannan ita ce cutar da na fi gani a yaran nan kuma ba laifinsu bane su kaɗai, an saba musu da farautar kalma ɗaya a cikin tambaya, da sun gan ta shikenan sun daina karatu sun fara tebur. Da zai tsaya ya tambayi kansa 21,600 ɗin me, da ya gano da kansa, sabida ledoji muke ƙirgawa kuma kowace leda sai an sa mata sukari ko da ɗaya ne, sukarin kuwa 150 ne kaf, ta ina ledoji za su wuce 150? Amsar tambayar rabo ba ta taɓa wuce ƙaramin tulin da ke gabanka. LCM gidanta daban, tana zuwa ne inda abubuwa ke maimaituwa ana neman inda za su sake haɗuwa, kaman a ce mota ɗaya na tashi daga Kwangila duk bayan minti 12 wata duk bayan minti 18, sai bayan minti 36 za su sake tashi tare. A can amsa ba ta gaza babbar lambar, a rabo kuma ba ta wuce ƙaramar.

Kuma farautar kalmar nan har tarko masu shirya jarabawa ke ɗanawa da ita. Za su ce ɗaki ne mai tsawon santimita 300 da faɗin 240 ana so a sa masa tayil mai kusurwa huɗu daidai ba tare da an yanka ko ɗaya ba, mene ne mafi ƙarancin adadin tayil, yaro na ganin mafi ƙaranci ya ruga LCM, alhali ƙarancin tayil na nufin kowane tayil ya yi girma iya girma, HCF kenan, 60, sai 5 ta tsaye 4 ta kwance, tayil 20.

Takardar yarinyar ta fito daga cikin gida da 2 a ƙasa an ja mata layi biyu. Ta yi daidai. Lambobin huɗu duk 2 na raba su, 3 ba ta raba 160, 4 ba ta raba 150, 5 ba ta raba 216, in ka bi haka ba abun da zai tsira sai 2. Da jarabawa ce ta cinye makinta duka. Sai dai ma'anarta a zauren nan shine gida biyu kacal, kowanne taliya 180 da mai roba 108 da sukari kilo 75 da gero tiya 80, wato mu buɗe wa mutum biyu shago. Alhaji ya ce toh Malam ashe bokon naku ma bai da magani.

Ni a nawa ganin 2 ɗin nan ta fi duk abun da aka faɗa a daren amfani, dan in HCF ta fito ƙarama haka ga kaya masu yawa tana gaya maka ne akwai lamba a cikin jerin da ba ta tafiya da sauran, aikinka ka nemo ta. Hanyar nemowa kuwa ita ce ka daina haɗa su duka lokaci ɗaya, ka ɗauke su bibbiyu.

Gero ne ya fara fita, kuma tun farko bai kamata ya shiga ba. Taliya ba a karya ta a ƙirga silli, robar mai ba a buɗe ta a tsiyaya, sukarin ma an riga an ƙulle shi, amma gero awo ne, ana iya tiya biyu da rabi ana iya biyu da kwata, abun da ya ragu a ƙasan buhu kuma kowa ya san na kunun masallaci ne. HCF ta abun da ake ƙirgawa ɗai-ɗai ce. Littafin makaranta ba ya faɗa maka wannan sabida shi lemu da biro da littattafai yake ba ka kullum, an riga an tace maka.

Saura uku. Yadda ake koya wa yara a aji shine a farfasa kowace lamba zuwa lambobin da ba su rabuwa sai da 1 da kansu:

360 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5
216 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 3
150 = 2 × 3 × 5 × 5

Na farko da na biyu sun yi tarayya a 2 sau uku da 3 sau biyu, in ka ninka 72 kenan. Da sukari ya shigo sai tarayyar ta koma 2 ɗaya da 3 ɗaya, 6. Hanyar ba ta da laifi amma ba za ka zana wa dattawan da suka ci tuwo suna jin barci wannan a zaure su bi ka ba, kuma wani abu da ya fi wannan, ta nuna maka 72 ta faɗo zuwa 6 amma ba ta nuna maka nawa za ka cire ko ka ƙara abun ya gyaru ba.

Dan haka da kwalayen na yi musu. Na ce Alhaji a ce mun ɗauki kowace robar mai mun ɗora mata taliya ɗaya, taliya nawa za ta rage ba abokin tafiya? Ma'aji ya ce 144. Na ce toh duk adadin gidajen da zai raba 360 ba saura kuma ya raba 216 ba saura, dole ne ya raba 144 ɗin nan ma ba saura, dan in ka cire abun da ya rabu daga cikin abun da ya rabu, abun da ya rage shima rababbe ne. Kenan mu manta da 360, tambayar ta koma tsakanin 216 da 144. A sake cirewa, saura 72. Yanzu tsakanin 144 da 72, a cire 72 sau biyu ba abun da ya rage. Inda aka tsaya kafin sifili ita ce amsa, 72. A rubuce layi uku ne kawai:

360 = 216 × 1, saura 144
216 = 144 × 1, saura 72
144 = 72 × 2, saura 0

Dabarar nan ta girmi duk wani littafin lissafi da ke jakar yaran. Tana cikin littafi na 7 na babban aikin Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, da ya rubuta a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma shima da cire ƙarama daga babba ya yi ta kaman yadda muka yi da kwalaye. An fassara aikin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid ta hannun Alhajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar, kuma har yau da ita kwamfuta ke neman HCF na manyan lambobi sabida farfasa lamba mai tsawo aiki ne mai cin lokaci, ita kuwa rabawa da duba saura nan da nan ake gamawa. Abun da ke ban mamaki shine yadda yara da yawa ke gama ƙaramar sakandare ba a taɓa nuna musu ita ba, sai tebur ɗin farfasawa kawai.

Sai aka kawo sukari gaban 72. Sau biyu ta shiga 150, ya ci 144, saura 6. Ga mai laifin nan a fili kowa na gani, leda 6 ce ta sukari ta ja mu daga gida 72 zuwa gida 6. A ɗauke su gefe, komai ya zauna: leda 72, kowacce taliya 5, mai 3, sukari 2.

Malam liman da tun ɗazu carbi kawai yake ja ya yi gyaran murya ya ce wannan ai tawafuƙ ne kuke ta wahala. Na ce Allah gafarta Malam a ƙara mana bayani. Ya ce a babin gado in za a gyara mas'ala ana duba lambobi biyu ne ta fuska huɗu, ko su zama iri ɗaya shine tamasul, ko ƙaramar ta shige cikin babbar shine tadahul, ko wata lamba ta uku ta raba su duka shine tawafuƙ, ko kuma ba abun da ya haɗa su shine tabayun. Ya ba da misali da mutumin da ya rasu ya bar uwa da uba da 'ya'ya mata 6, ba mata ba ɗa namiji. Aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta ba uwa sudusi wato kashi ɗaya cikin shida, uba sudusi, 'ya'ya matan kashi biyu cikin uku, asalin mas'ala 6, uwa 1 uba 1 'ya'ya 4. Toh 4 ba ta rabuwa ga mutum 6, amma 4 da 6 sun dace a rabi, sai a ɗauki rabin kawunan wato 3 a buga a asalin mas'ala ta koma 18, uwa 3 uba 3 'ya'ya 12 kowacce 2. Wanda bai lura da dacewar ba zai buga da 6 ya tafi 36, ba zai zalunci kowa ba amma ya ɗora wa kansa kaya. Dacewar nan da Malam ya duba tsakanin 4 da 6 ita ce HCF ɗinsu, 2, ba ƙari ba ragi, kuma a zaurukan cikin birni an daɗe ana karantar da ita da ka ba allo ba alli. Yaron ma'aji ya saki baki yana kallonsa, ina jin ranar ya fara yarda lissafi ba na 'yan boko bane su kaɗai.

Amma 72 ba 75 bace. Gida uku za su fita, kuma mai unguwa ya rantse ba da bakinsa za a je a ce wa wata uwar marayu an cire sunanta sabida lissafi bai kai ba. Ba wanda ya musa masa.

Nan wani dattijo a kwamitin, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai son tsari, ya kawo tasa shawarar ta wani ɓangare daban. Ya ce shi fa taliya 5 da mai roba 3 ga gida mai baki 14 ba taimako bane, kwana nawa za su yi, gara a zaɓi gida 36 mafi tsananin buƙata a ba su taliya 10 mai 6 sukari 4 su san an taimake su. Ta fuskar lissafi maganarsa ba ta da aibi, 36 na raba 360 da 216 da 144, haka 24 da 18 da 12, duk wata lamba da ke raba 72 za ta yi aiki. Abun da ya sa ake cewa mafi girma shine sharaɗi na uku, kuma sharaɗin nan mu muka sa shi ba lambobi ba, da kwamiti ya ga dama ya canza shi da amsa ta canza. Aka ɗan ja, matasan na cewa da babu gara ba daɗi, shi yana cewa ba daɗin nan shine matsalar. Alhaji ya kashe maganar da cewa an riga an faɗa wa gida 75 su saurari saƙo, ba a janyewa.

Tunda ragewa ta ƙi, sai a juya tambayar. Mun riga mun san siffar leda ɗaya, 5 da 3 da 2, HCF ce ta ba mu ita. In gida 75 ne ana buƙatar taliya 375, mai 225, sukari 150. Kowa ya yi shiru ya kalli lambar ƙarshen, sabida sukarin mai shagon da muka gama ɗora wa laifi shine kaɗai ya zo daidai da lis, taliya da man da muka saro da kanmu su ne suka gaza, da 15 da kuma 9. Ledoji 6 ɗin da suka yi saura rabon gida ukun nan ne, bibbiyu.

Ma'aji ya ce akwai ɗan canji a asusu amma dila a Sabon Gari ba zai fasa katan ya ba ka 15 a farashin sari ba, in ɗai-ɗai za a saya a shago kuɗin zai kusa kamo na katan, gara a ɗauko katan guda na kowanne. Alhaji ya ce toh ga saura ta dawo kenan, taliya 5 da mai 3 a sito. Aka sake miƙa takarda cikin gida da sabbin lambobi, 380 da 228, na ce wannan karon ta yi da cirewa. Ba a jima ba ta dawo: 380 a cire 228 saura 152, 228 a cire 152 saura 76, 152 kuma 76 biyu ce. Ta rubuta 76, a ƙasa ta ƙara da cewa Kaka in aka sayo sukari 2 ya zama 152 an samu leda ɗaya ƙari. Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ce kilo biyun nan nashi ne.

Dalilin da ya sa abun ya faɗa daidai haka ba sa'a bace. Katan ɗin taliya 20 leda 4 yake cikawa in ana sa biyar-biyar, katan ɗin mai 12 shima leda 4 in ana sa uku-uku, dan haka duk katan ɗaya na wannan da ɗaya na wancan leda 4 ne cif, 18 sau 4 ne ya ba mu 72 tun farko, 19 sau 4 ya ba mu 76. Da wani ya kalli kwalayen maimakon jimillar da ya ga haka tun kafin a zauna, HCF ɗin 20 da 12 ita ce 4.

Wannan 4 ɗin ita ta yi mana aiki ranar ƙulli. A harabar islamiyya aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kwalayen bibbiyu wuri 19, kowane wuri aka ajiye manyan ledoji 4 da sukari 8, aka ba yara biyu-biyu. Dokar ɗaya ce, in ledojinka huɗu sun cika dole kwalayenka biyu su zama wayam ka kife su a gani, in taliya ɗaya ta rage a kwali toh akwai ledar da aka yi wa ƙwange a wurinka ba sai an zazzage 76 ana nema ba. Sau biyu hakan ta faru kuma a take aka gano. A wuri na 11 aka tarar da roba ɗaya ta fashe ta ƙasa man ya jiƙa kwalin har ya fara tsiyaya kan tabarma, yaron ma'aji da yanzu abun ya shiga ransa ya tsaya da biro yana bugawa ya ɗago ya ce Malam in mai ya koma 227 HCF ta zama 1 fa. Haka ne kuwa, 227 ba ta rabuwa da komai sai 1 da kanta. Babansa ya ce kai tafi shagon bakin titi ka sayo ɗaya ka karɓo rasit.

Gero aka auna tiya bibbiyu, 152 kenan, tiya 8 da ta rage aka ba masu dama kunun buɗa-baki, kuma Alhaji ya sa ladan ya faɗa a lasifika bayan la'asar har da adadin, kar wani ya ce bai ji ba.

Leda ta 76 ta ɗan ja magana dan sunaye uku aka kawo. Aka ba wata mata da mijinta ke kwance a asibitin Shika, an kwantar da shi ne bayan an rufe lis, sauran biyun kuma Malam liman ya ce a bar masa su zai san yadda zai yi daga zakkar fidda kai. Sito ya tashi ba komai sai kwalaye, su ma yara suka kwashe.

Abun da bai mutu ba shine maganar dattijon nan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma ni ina ganin yana da gaskiya fiye da yadda aka ba shi a daren. Tsohuwa mai zaman kanta ita kaɗai ta karɓi leda ɗaya, gida mai marayu 9 shima leda ɗaya, ledojin iri ɗaya ne amma cikin da za su shiga ba ɗaya bane. Shawarar da na rubuta a rahoton kwamiti ita ce a riƙe 5 da 3 da 2 a matsayin kaso ɗaya, gidan da ya wuce baki 8 a ba shi kaso biyu, a gama lis a ƙirga kaso nawa ake nema tukunna a je kasuwa, a kuma saro a ninkin 4 tunda haka kwalayen suke, masu niyyar kawo kaya da kansu irin mai shagon nan a faɗa musu adadi tun Rajab. Ma'aji ya goyi baya sabida zai sauƙaƙa masa sayayya. Shugabar matan islamiyya ta ce ita ba ta yarda da kaso biyun ba, ta ce Malam ku maza a zaure kuke lissafinku, mu ne za mu tsaya gaban matar da ta ga maƙwabciyarta ta shiga da leda biyu, kuma ranar da aka ce baki 8 ne ma'auni kowane gida a unguwar nan sai ya zama mai baki 9, har da jikokin da ke Kano za a ƙirgo. Ɓangaren gama lis kafin sayayya kowa ya amince an sa hannu, na kaso biyun kuma an tura shi mitin ɗin bayan sallah, aka ce ita da mai unguwa su zo da yadda za a tantance yawan mutanen kowane gida in har za a yi.